Agogon Kulu da Ranar Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai iska da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya tsare miki lafiya da mutunci, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Innarki tana gaishe ki.

Kada ki jira labarin gida a wagga takarda. Gida shina nan yadda kinka bar shi shekaranjiya. Abin da ya zaunar da ni daban ne, kuma wannan ne zama na uku. Takardar farko na yage ta. Ta biyu na kai rabi na tashi wai zan duba akuya, alhali akuyar ba ta kira ni ba. Sau biyu kuma na buga miki waya, kin dai ji abin da na tambaya: kin ci abinci, akwai sauro? Wallahi ba shi na kira in faɗa ba.

Innarki ta gaya min maganar da kinka yi mata kuna ɗaure kaya. Wai ranar Litinin mai zuwa za ki shiga ofishin makaranta ki nemi a canza miki fanni, ki bar karatun kwamfuta ki koma ko mi ne ne, tun da abu guda da kinka taɓa haɗawa da hannunki shi ya kashe wa babanki albasa. Kulu, kada ki sa ƙafa ofishin nan sai kin karanta takardar nan har ƙarshe. Gobe zan ba direba ita tare da wani kwali, zan kuma tsaya a kansa sai ya rantse za ta iso hannunki kafin Lahadi.

Akwai magana guda da ta tsaya min a maƙogwaro wata bakwai ke nan. Kin san ubanki da kewaye-kewaye. Bari in fara da ƙananan kurakuraina, ko jikina ya saki in iya ɗaukar babban.

Lokacin da anka ɗauke ni aikin tsaron ƙofar ruwa a fadamar Wurno, ban wuce shekarunki na yanzu da yawa ba. Aikin ba wuya: in anka sako ruwa daga madatsar Goronyo, ni ke murɗa ƙarfe in buɗe wa wanga layin gonaki, in lokacinsu ya cika in rufe in buɗe wa na gaba. Da albashina na farko na tafi kasuwar Goronyo na sayo agogon hannu mai ruwan zinariya. Har hannun riga nake naɗewa don a gani. Tsohon da na tarar a aikin ba shi da agogo, sanda gare shi mai tsage-tsage da yake tsomawa a ruwa, kuma sai ya taka har ƙarshen layi ya ga ko ruwa ya isa gonar ƙarshe kafin ya rufe. Ni kuwa na ce wannan aikin mutanen da ne. Ran nan ruwa ya zo ba ƙarfi. Na buɗe awa biyu cif yadda takarda ta ce, na rufe, na hau kekena. Ashe ko rabin layin bai kai ba. Mai gonar ƙarshe, wani dattijo, ya same ni ina shan fura a inuwa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya kama hannuna mai agogon ya duba, ya ce, "Yaro, agogonka ya ƙoshi. Alkamata ce ba ta sha ba."

To, ki riƙe wannan. In kin rubuta wa na'ura umarni ta ce miki ta gama, tashi ki je ki gani da idonki. Can makaranta za su ba ki maki a kan abin da allon kwamfuta ya nuna, amma a ƙarshen kowane aiki akwai wani mutum mai jiran ruwa, shi za ki riƙa tambaya.

Kin tuna yadda agogonki ya fara? Ni na tuna, don ni na jawo shi da ƙorafi. Tun da na bar aikin ƙofa na koma noman albasa, sai ga ni ina bin layi kamar kowa. Layinmu Litinin da Alhamis ake buɗe mai, ƙarfe huɗu na asuba zuwa shida, wanda bai je ya fasa bakin kwamin shukarsa ba ruwa ya wuce shi. Kullum ina cewa tsufa ya sa barcina ya birkice, ina tsoron makara. Sai ga ki kin dawo daga makaranta da wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda Malama Rahila, malamarku 'yar Zuru, ta ba ki. Kinka ciro lasifikar tsohuwar rediyona ba tare da kin tambaye ni ba, kinka huda gwangwanin madara kinka zaunar da su ciki, kinka jona da batirin sola. Sati uku kina duƙe a kan tabarma kina buga umarni, kina gogewa, kina magana ke kaɗai. Innarki har ta fara cewa ko a kai ki a yi miki addu'a.

Ranar da ya fara aiki ba zan manta ba. Ƙarfe uku da rabi sai na ji wani abu ya yi ƙas, fitilar ɗakina ta kama da kanta, ta zaure ta kama, sai ga muryarki daga cikin gwangwani: "Baba, a tashi, yau ranar ruwa ce." Na zabura na zauna ina salati. Na leƙa, ke kina can kina barcinki. Na yi dariya har hawaye, ni kaɗai a tsakar gida.

Nan kuskurena na biyu ya shigo. Maimakon in gode wa Allah in bar ki ki huta, sai na buɗe baki. Na ce ki sa ya tada injin rijiya ya cika tanki. Kinka sa. Na ce ya kunna min labarai ƙarfe bakwai, ya kashe fanka in gari ya yi sanyi. Kinka ce, "Baba, a bari in gyara wani abu tukuna. Ba ya da ɗan batirin riƙe lokaci. In wuta ta yanke mai, lokacinsa tsayawa yake, in ta dawo sai ya ci gaba daga inda ya tsaya." Ni ina ruwana da batirin da ba a gani? Fanka ake gani. Ina so in ja mutanen majalisar ƙofar gida in shigo da su zaure su ga fitila na kamawa ba hannu, in ce ɗiyata ce ta yi. Na kuwa shigo da su, har mutanen Lahodu da sunka zo ta'aziyya unguwa sai da na nuna musu. Ke kuma da kinka ga ba zan saurara ba, kinka nemo jan zare kinka ɗaura a jikin cajar agogon, kinka tara mu ni da innarki kinka ce, "Don Allah duk mai neman soket, kada ya taɓa mai jan zare."

Shawarata a nan: za ki gamu da masu irin halina da yawa, masu son abin nunawa, masu gaggawa, wasu ma su ne za su riƙa ba ki aiki. In kin san gindin abu bai zauna ba, kada ki ɗora mai kaya don mai shi ya matsa. Ki ce a'a, ki maimaita, ko da ubanki ne. Kunyata kinka ji, kuma kunyar nan ba ta amfane mu ba, ni da ke.

Na sake tashi yanzu na zagaya bayan gida na dawo. Innarki ta bi ni da ido, ta ce, "Malam, takardar ba ta rubuta kanta." Bari in ci gaba.

Na uku gajere ne amma shina cina. Tun kina goye, ni ke tada gidan nan. In na yi alwala sai in bi ƙofa-ƙofa in ƙwanƙwasa, in ce an kwana lafiya, ba na wucewa sai an amsa. Da agogonki ya karɓi aikin tadawa, har da na sallar asuba, sai na daina. Na ce ai fitila ta kama, murya ta yi magana, mi ya rage? Ran nan na fita masallaci, na wuce fadama, sai hantsi na dawo na tarar innarki kwance zazzaɓi ya rufe ta tun kafin asuba, ko tashi ta sha ruwa ta kasa. Ke kin tafi makaranta kina zaton tana lazimi. Fitilarta a kunne, ras. Da na ƙwanƙwasa kamar da, da na ji muryarta na gane. Wannan ba laifin agogo ba ne, shi an ce ya tada mutane ne, ba a ce ya ji yadda sunka amsa ba. Don haka duk ɗakin da kinka zauna, ko kowa na da waya mai ƙara a ƙarƙashin matashi, ki buɗe baki ki gaida abokiyar kwananki da safe, ki jira ta amsa.

To. Na ƙare ƙanana, ba sauran inda zan laɓe.

Kin tuna satin da kinka tafi Rabah sunan ɗiyar gwaggonki, kwana uku. Lokacin na yi dashen baya, zafi ya riga ya fara, 'yan albasar kwanansu biyu a ƙasa, ko miƙewa ba su yi ba. Ranar Laraba bayan azahar Malam Bello na Taloka ya biyo, abokina tun muna aikin ƙofa. Wayarsa ta mutu, shina jiran kiran mai motar da zai ɗaukar mai kaya. Ya ce ko akwai inda zai ɗan sa caji. Soket guda ke aiki a jikin batirin, ɗayan ya ƙone tun tuni ina cewa zan gyara. Na dubi jan zaren nan, Kulu. Ba mantawa na yi ba, na gan shi da idona, na tuna maganarki. Amma baƙo na tsaye, kuma ni ne mai gidan da ake zuwa kallon fitila, yaya zan ce ba wurin caji? Na ce a raina, ɗan lokaci kaɗan mi zai yi? Na cire cajarki na sa tasa. Munka zauna hira, munka yi la'asar, munka ci gaba da hira, sai da anka kira magariba ya karɓi wayarsa. Na mayar da cajarki, 'yar fitilar gwangwanin ta kama kore kamar kullum, na ce shi ke nan.

Ni na cire ta. Ga shi na rubuta.

Washegari Alhamis ba abin da ya yi ƙas. Kiran salla ya tada ni, na duba waje na ga gabas ta fara haske. Na yi salla a gaggauce na hau babur, kafin in isa an rufe layinmu an buɗe wa na gaba. Na roƙi mai ƙofa, ya ce, "Baba, kai ka yi aikin nan, ka san in na buɗe maka sai na buɗe wa kowa." Gaskiyarsa. Na dawo gida wajen ƙarfe takwas, ina sa ƙafa a zaure sai fitila ta kama, muryarki ta ce, "Baba, a tashi, yau ranar ruwa ce." Rana tsaka a kan katanga. Tun a wurin na san mi ya faru, awannin da na cire shi su ne ya makara, ba ƙari ba ragi. Na ɗebi jarka na yi ta jigila da babur, amma jarka nawa za ta shayar da kwami saba'in? Kafin Litinin fiye da rabi sun kwanta sun bushe.

Ranar Juma'a kinka dawo. Ina zaune a majalisar ƙofar gida, ana ta yi min jaje, wasu na dariya ƙasa-ƙasa, su da na riƙa ja zuwa zaure. Kinka sauko daga mota da jaka a hannu kinka durƙusa za ki gaishe mu. Ban bari kin gama ba. Na ce, "Ga injiniyar nan ta dawo, wadda gwangwaninta ya kashe min albasa." Anka yi dariya. Kinka ɗago kinka dube ni, kinka shige.

Da yamma kinka same ni ni kaɗai. Agogon ya riga ya kama lokaci daga wayarki tun shigowarki, ya koma daidai, ba wata alama. Kinka ce, "Baba, ko an taɓa cajar?" Na ce, "Wa zai taɓa? Ba ke kinka ɗaura zare ba?" Kinka ce, "To, a wurina ne ke nan." Kinka yarda da ni nan take, don ba ki taɓa jin na yi miki ƙarya ba.

Kwana tara ina kallonki kina neman kuskuren da babu shi. Kina bin umarnin layi-layi da yatsa, kin kwafe shi a littafi, kin kai wa Malama Rahila ta duba ta ce ita ba ta ga komi ba. Abinci sai innarki ta yi faɗa. Kullum in na wuce ta bayanki sai in ce yau zan faɗa, sai in ji nauyin bakina, in wuce. A rana ta goma kinka cire gwangwanin da kanki, kinka naɗe wayoyinsa kinka tura ƙarƙashin gado. Tun ran nan ban sake ganin kin duƙa a kan wani abu kina magana ke kaɗai ba. Na yi baƙin cikin albasa, amma wanga ya fi shi ciwo nesa ba kusa ba, kuma ni na yi shi.

Innarki ta sani tun farko. Tana bakin murhu ranar Laraban nan, ta hango ni. Ba ta tona ni ba, ta ce ba ita za ta shiga tsakanin uba da ɗiya ba, amma duk bayan kwana biyu sai ta ce, "Malam, yarinyar nan tana ɗauke da kayan da ba nata ba." In ce mata ina sane, ina neman lokacin da ya dace. Shekaranjiya a tasha na ce to yau ne. Kina cikin mota ta taga, na matso, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ki riƙe jakarki da kyau. Da motar ta tashi munka kamo hanyar gida ni da innarki. Da munka shiga ta ce, "Ka sallami ɗiyarka da ƙarya a cikin kayanta. Litinin za ta ajiye karatun da take so saboda kai." Ban iya cin tuwo ba.

Jiya bayan la'asar na fita majalisa. Kusan duk waɗanda sunka yi dariya ran nan suna nan. Na ce ina da magana, na faɗa musu tun daga wayar Malam Bello har ƙaryar da na yi miki. Wani ya ce, "Haba Malam Umaru, ai ya wuce, tsakaninka da ɗiyarka ne." Na ce a'a, nan na kunyata ta, nan zan wanke ta. Ban ji daɗin faɗa ba, gumi har cikin hula, amma da na tashi ƙafafuna sun fi sauƙi.

Shawarar da ke bayan wanga kuskure ban san ko ina da bakin ba da ita ba. Zan dai faɗa. In kin yi ɓarna, ki faɗa a ranar, kafin rana ta faɗi, don kowace safiya nauyinta ƙaruwa yake. Kada ki bari na ƙasa da ke ya ɗauki laifinki don kawai ba zai iya musa miki ba. Sannan wagga ta musamman ce gare ki: in kin bincika aikinki sau ɗaya, sau biyu, sau goma, kin ga daidai yake, to ki yarda da idonki. Ki koma ki sake tambayar mutanen da ke kusa da abin, ko da masu furfura ne, ko da kina ganin girmansu. Kin yi tambayar da ta dace tun ranar farko. Amsar ce ta zo miki gurɓatacciya.

Cikin kwalin da zai zo da takardar nan agogonki ne. Na jawo shi daga ƙarƙashin gado na goge shi, ban taɓa komi a ciki ba, jan zaren ma shina nan a jikin cajar. Ki buɗe shi ki sake karanta abin da kinka rubuta, wannan karon da sanin gaskiya. Agogon nan bai taɓa saɓa umarninki ba ko sau ɗaya. Har ranar da na yanke mai wuta, da ya farfaɗo sai da ya kira ni.

Ba zan ce miki dole ki zauna a fannin kwamfuta ba, na yi miki dole ya isa haka. In kin duba zuciyarki kin ga wani karatun take so, Allah Ya sa albarka, ni mai rakiya ne. Amma in don albasata ne za ki shiga ofishin nan, to ba ki da abin kai musu. Ki yafe min, Kulu. Na zalunce ki, kuma na daɗe ban faɗa ba.

Gobe Alhamis, ranar ruwa. Tun da agogon ya shiga ƙarƙashin gado ba na barcin kirki a irin wagga rana, sai in yi ta farkawa ina duba waya. Ba komi, zan tashi. Na kuma koma ƙwanƙwasa ƙofofi kamar da. Yau da asuba na ƙwanƙwasa taki har sau biyu kafin in tuna.

In kin sami ɗan batirin nan da kinka roƙe ni tun farko, ki sa wa agogon. Ban nemi fanka ba, ban nemi labarai ba. In kin ga dama ki aiko min da shi, in ba ki gani ba ki riƙe abinki, naki ne. Sai dai in za ki aiko, kada ki canza muryar da ke ciki.

Allah Ya tsare ki dare da rana, Ya buɗa miki abin da kinka je nema, Ya haɗa ki da malamai masu gaskiya, Ya sa ki fi ubanki saurin faɗin gaskiya. Allah Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Umaru, Wurno.